Jiang Qing, Masanin Dokar da ke Son Majalisu Uku a Ƙasar Sin

Tambaya: Malam, na ji an ce wani masanin doka ɗan ƙasar Sin mai suna Jiang Qing yana kira da a gina mulki bisa koyarwar Confucius, malamin falsafar Sin na zamanin da. Ba sunan matar Mao ba ne wannan? Kuma me yake nufi?

Amsa: A rubutun boko ne sunan ya zo ɗaya, a haruffan Sinanci kuwa daban suke. Wannan namiji ne, an haife shi a 1953 a Guiyang, cikin lardin Guizhou. Ya karanta doka a Jami'ar Siyasa da Doka ta Kudu maso Yamma da ke Chongqing, ya kammala a 1982, ya koyar a can, daga baya ya koma Shenzhen. A 2001 ya ajiye aiki ya tare a makarantarsa da ke cikin duwatsun Guizhou, mai suna Yangming, wato sunan Wang Yangming, wani malami na zamanin daular Ming da aka taɓa korowa zuwa yankin.

Jiang yana ganin mulki ba ya halasta sai ya tsaya da ƙafa uku: sama, wato gaskiyar ɗabi'a mai tsarki, ƙasa, wato tarihi da al'adar mutane, sai mutum, wato yardar jama'a. A wurinsa, dimokuraɗiyyar Yamma a kan ƙafa ɗaya take tsaye. Mai jefa ƙuri'a abin da zai ci yau ne a gabansa, jikan da ba a haifa ba kuwa ba shi da ƙuri'a, haka ma kogi da daji. A nan kam ina tare da shi, domin duk wanda ya ga yadda gwamnatoci ke jan ƙafa kan sauyin yanayi ya san maganar tana da nauyi.

Daga nan ya fito da majalisu uku. Ɗaya ta malamai masana littattafan Confucius, ɗaya ta wakilan da jama'a suka zaɓa, ɗaya ta zuriyar manyan mutanen tarihi da wakilan addinai, wadda wani daga zuriyar Confucius zai shugabanta. Doka ba za ta wuce ba sai majalisu biyu aƙalla sun amince, amma ta malamai tana da ikon hana ta wucewa ita kaɗai.

Wannan ikon ne ya fi damuna. Wa zai zaɓi malaman? In sun karkace, wa zai tsawatar musu? Ilimi ba ya wanke mutum daga son zuciya, kuma tarihin Sin kansa cike yake da jami'an da suka haddace littattafan, suka ci jarrabawar sarki, suka kuma ci amanar talakawa. Hatta wasu masu bin tafarkin Confucius, irin su Joseph Chan na Hong Kong, sun ƙalubalance shi. Gwamnatin Beijing ma ba ta ɗauki tsarin nasa ba, har yanzu a littattafai da zaurukan muhawara yake.