Ku biyar a keke har Azhar? Amsa ga ƙanena

Salam ƙanena, na saurari saƙon da ka turo, wai ku biyar kun yanke shawara da an gama girbin gero da riɗi za ku sayar da rabonku ku gyara kekuna, ku fita ta Maigatari ku bi Damagaram, Diffa, Chadi har nan Masar don shiga Azhar, saboda kun ga bidiyon Turawa suna ratsa sahara a keke kuma kun ji labarin yaron nan ɗan Gini da ya kamo hanyar Azhar a keke. Toh ban yi maka dariya ba, amma ka tsaya ka ji.

Irin tafiyar da kuka gani, babbarta ita ce Tour d'Afrique, wani kamfanin Kanada ne ya fara ta a 2003, daga gindin dalar Giza nan Alƙahira har Kef Taun a Afirka ta Kudu, wajen kilomita 12,000 cikin kusan wata huɗu. A Janairu suke tashi don su wuce hamada kafin zafi ya sauko. Ni na taɓa bin wata tawaga irin wannan a kwanakinta na farko lokacin hutun makaranta, a motar girki nake, ina musu tafinta ina yanka albasa ana ba ni na kashewa, shi ya sa na ga bayan fage.

Abu na farko sanyi. Kai da ka san hunturun garinmu za ka ce ai ba komai, wallahi na hamada daban ne, da asuba mutum zai fito daga tanti yatsunsa sun ƙage ya kasa matse birki, sai ya rungume kofin shayi da hannu biyu tukunna jini ya dawo. Kafin azahar kuma rana ta buɗe an tuɓe rigunan. Yawanci sama da kilomita 100 suke yi a rana, kwana biyu uku na farko kowa murna yake saboda idan an gangara gaɓar Bahar Maliya iskar arewa daga baya take turo su, keke na gudu kusan da kansa, sai an kai Safaga an juya yamma za a haura duwatsu a faɗa Kena bakin kogin Nilu, nan ne ake sanin wa ya shirya. Na ga wani ƙato da ya shekara yana atisaye a ƙasarsu ya sauka ya zauna a bakin kwalta bai ce uffan ba, leɓensa duk ya tsage, gishirin gumi ya yi fari a wuyan rigarsa. Ga miki a mazaunai saboda sirdi, wannan kam kusan ba wanda ya tsira, da daddare layi suke yi gun mai ba da magani.

To amma shi wannan ƙaton da ya zauna, minti nawa ne mota ta zo ta ɗauke shi da kekensa. Nan ne maganar take. Babbar mota na ɗauke da kayansu da tankin ruwa, wata ta riga su gaba ta kafa rumfa a rabin hanya da burodi da lemo da dabino, akwai mai gyaran keke akwai ma'aikacin jinya, ga motar 'yan sandan Masar tana rakiya, biza kuma an gama ta tun kafin su baro gida. Kowannensu dubban daloli ya biya. Mai ɗaukar bidiyo keken yake nuna muku, ba ya juya kyamara ga motar. Ku wa zai biyo ku da ruwa? Jarka nawa Phoenix ɗinka za ta ɗauka a kan kariya, kuma idan ka bar kwalta ka shiga rairayi ai tura ta za ka yi.

Shi kuma ɗan Ginin, Mamadou Safayou Barry, gaskiya ne a 2023 ya yi wajen kilomita 4,000 ta Mali, Burkina Faso, Togo, Binin, Nijar har Chadi, kuma Azhar ta ba shi gurbin karatu kyauta. Amma an tsare shi sau uku a hanya, kuma a Chadi keken ya tsaya, wani ɗan jarida ne ya yaɗa labarinsa jama'a suka haɗa masa kuɗin jirgi ya sauka Alƙahira a Satumba. Bai ratsa Sudan ba, don tun Afrilun 2023 ake yaƙi a can, kuma hanyar da kuka zana daga Chadi Darfur za ta kai ku kai tsaye. Yankin Diffa da tafkin Chadi ma ba sai na gaya maka ba.

Karatun nan fa da takarda ake shigarsa. Kuɗin riɗin ka yi fasfo da shi, ka karɓi katin rigakafin shawara, ka haɗa sakamakonka na NBAIS, wato hukumar jarrabawar Larabci da addinin Musulunci ta Najeriya, biza ta ofishin jakadancin Masar a Abuja ake nema. In ka iso za su gwada Larabcinka su ga ajin da ya dace da kai, wasu sai sun fara da ma'ahad, wato makarantar share fage ta Azhar, kafin jami'a, kada ka ji kunyar hakan, da yawa daga cikinmu ta nan muka bi, sannan a yi fafutukar iƙama, wato takardar izinin zama a ƙasar. Ka ɗauki hoton takardun ka turo min ta WhatsApp in nuna wa waɗanda suka shigo bana, su suka fi sanin yadda ake ciki yanzun. Sauran huɗun ka kunna musu wannan su ji, kuma ka sanar da Baba kafin ka sayar da ko kwano ɗaya. A gaida Inna da su Yaya.