Mu ba agola ba ne a gidan, amma kuma ba mu ne saiwa ba

Salama gare ka ɗana. Na ga tambayarka tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Ka ce in Isra'ilawa su ne jama'ar da Allah ya zaɓa, mu da ba Yahudawa ba, da Littafi Mai Tsarki ke kira Al'ummai, ina matsayinmu a mulkinsa, ko dai agola ne mu a gidan? Na kuma ga wani ɗan'uwa ya amsa maka cewa ai an gama da Yahudawa tun ranar da suka ƙi Almasihu, yanzu mu ne Isra'ila. Duka biyun ban yarda da su ba. Ni ba fasto ba ne, shekara 26 dai na yi ina koyar da ajin manya a makarantar Lahadi, ina kuma da ɗan lambun mangwaro a bayan gari. Za ka ga inda lambun ya shigo maganar.

Ka san abin da ke sa a kira yaro agola: mai gida bai yi shirinsa ba, uwarsa ce ta zo da shi, kuma ranar rabon gado ba ya ciki. To, mu an yi shirinmu tun farko. A Farawa 12:3, ranar da Allah ya kira Ibrahim, tun babu wani mai suna Isra'ila a duniya, ya gaya masa cewa ta wurinsa dukan kabilan duniya za su sami albarka. Shi kansa Ibrahim mutumin Ur ne. An lasafta masa bangaskiyarsa adalci a sura 15, kaciya kuwa sai a sura 17, yana da shekara 99. A kan wannan tazarar Bulus ya gina Romawa 4, cewa Ibrahim uban masu kaciya ne da marasa kaciya. Batun gado kuma Afisawa 3:6 ta yanke shi, ta kira Al'ummai abokan gado. Wane agola ne ake rubuta sunansa a takardar gado tun kafin a gina gidan?

Ko jerin kakannin Yesu a Matiyu 1 ka duba, akwai Rahab ta Yariko, akwai Rut mutuniyar Mowab wadda ta haifi kakan sarki Dauda.

Sai dai ba zan ɓoye maka ayoyin da suka dame ka ba, don ni ma sun taɓa hana ni barci. Yesu ya ce wa Basamariya ceto daga Yahudawa yake. Ya ce wa matar nan Bakan'aniya a Matiyu 15 ba a aiko shi ba sai ga ɓatattun tumakin gidan Isra'ila, har da maganar abincin 'ya'ya da karnuka. Bulus ma ya ce bishara ga Bayahude ce da fari. Wannan gaskiya ne, su aka ba alkawarai da Shari'a da annabawa, daga cikinsu Almasihu ya fito. Amma wanda aka fara zuba wa abinci ba shi kaɗai aka dafa wa ba. Matar nan ba ta tafi hannu rabbana ba, 'yarta ta warke. Yesun nan ne kuma ya ce a Matiyu 8:11 mutane da yawa za su zo daga gabas da yamma su zauna cin abinci tare da Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Ya faɗi haka ne bayan ya ga bangaskiyar wani hafsan sojan Roma.

Kada ka ɗauka shigarmu ta zo wa manzanni da sauƙi. A Haikalin Urushalima akwai wata 'yar katanga da baƙo ba ya wucewa, an kafa duwatsu da rubutun gargaɗi cewa wanda ba Bayahude ba in ya tsallaka, shi ya jawo wa kansa mutuwa. An tono ɗaya daga cikin duwatsun a 1871, yana gidan tarihi a Istanbul har yau. Zargin da ya sa aka kama Bulus a Ayyukan Manzanni 21 ke nan, wai ya shigar da wani mutumin Afisa bayan katangar. In ka san wannan, sai Afisawa 2:14 ta yi maka nauyi, inda ya ce Almasihu ya rushe katangar da ta raba. Bitrus kuwa sai da aka nuna masa wahayi sau uku a Yafa kafin ya taka gidan Karniliyas a Kaisariya, da ya koma Urushalima kuma aka tsare shi da tuhuma: ka shiga wurin marasa kaciya, har ka ci abinci da su! Wajen shekara ta 49 aka yi babban zama a Urushalima, aka yanke cewa ba sai Al'ummai sun yi kaciya ba. Abu huɗu kawai aka ce su guje wa, abin da aka yanka wa gumaka, jini, maƙararriyar dabba, da fasikanci.

Yanzu bari in juya ga ɗan'uwan da ya ce an gama da su, in kai ku lambu.

In zan yi wa mangwaro aure, ƙwallon mangwaron gargajiya nake shukawa, mai zaren nan da ke maƙale wa mutum a haƙori, don saiwarsa na jure fari. In ya kai kaurin ɗan yatsa sai in yanke kansa, in tsaga, in feƙe reshen mangwaron binta suga in cusa a tsagar, in naɗe da leda tam. Bayan 'yan makonni in ka ga ido ya tsiro, aure ya kama. Ko yaron lambu ya san ƙa'idar: reshe mai kyau a sama, na banza a ƙasa. Shekaru ina karanta Romawa 11 ban lura ba, sai wata safiya da wuƙa a hannuna na tuna cewa Bulus ya juya abin. A misalinsa na itacen zaitun, saiwar ce mai kyau, reshen da aka ɗauko daga jeji shi ne na banza, kuma mu ne wannan reshen. Ba haka manoma suka saba yi ba. Da na koma gida na duba, ashe shi ma ya sani, a aya 24 ya ce abin saɓanin ɗabi'a ne. Ranar na daina ganin kaina kamar na yi wa Allah alfarma da na ba da gaskiya.

Akwai dalilin da ya sa ya rubuta wa Romawa haka. Sarki Kalaudiyas ya kori Yahudawa daga Roma, shi ya sa Bulus ya tarar da Akila da matarsa a Koranti. Bayan mutuwar sarkin a shekara ta 54 suka fara komawa, suka tarar Al'ummai sun cika ikkilisiya, wasu har sun fara ɗaga kai. Su Bulus yake ja wa kunne a aya 18, cewa ba kai kake ɗauke da saiwar ba, ita take ɗauke da kai. Surar ta buɗe da tambaya, ko Allah ya yi watsi da jama'arsa? Ya ce ko kaɗan, shi kansa Ba'isra'ile ne daga kabilar Biliyaminu. An sare wasu rassa saboda rashin bangaskiya, haka ne, amma ya ce Allah na da ikon mayar da su, baiwarsa da kiransa kuma ba a janye su. Itace ɗaya ne. Ba a tumɓuke shi an dasa wani ba.

Aya 26, mai cewa dukan Isra'ila za su tsira, malamai sun rabu a kanta. Wasu sun ce duk masu bi ake nufi, Yahudawa da Al'ummai, wasu sun ce akwai lokacin da Yahudawa da yawa za su juyo ga Almasihu. Ni na fi karkata ga na biyun, don tun daga sura 9 in ya ce Isra'ila danginsa yake nufi. Batun ƙasar da aka kafa a 1948 da siyasarta kuwa wata magana ce daban, kada mu cuɗanya su a nan, in ba haka ba dandalin nan zai kama da wuta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda mu da aka shigo da mu muke gina tamu katangar. Wata shekara wani dattijo daga ƙauyukan Maguzawa ya karɓi baftisma a ikkilisiyarmu. Ranar bikin godiyar kaka aka jera kwanukan tuwo, kowa ya nemi mutanen yarensu, 'ya'yan waɗanda kakanninsu suka yi makarantar mishan suka haɗa nasu da'irar. Shi kuwa yana gindin darbejiya shi kaɗai, da kwano a gabansa bai taɓa ba. Na gan shi sarai, na kuma kau da kai, don ina tsakiyar hira da dattawa. Matata ce ta ɗauki kwanonmu ba ta ce mini uffan ba, ta je ta ajiye a gabansa, dole na bi ta. Lahadin da ta biyo baya darasinmu ya faɗo a kan Galatiyawa 2, inda Bitrus ya janye daga cin abinci da Al'ummai a Antakiya da ya ga mutanen Yakubu ɗan'uwan Yesu sun iso, Bulus ya tsawata masa a gaban kowa. Da ƙyar na kai ƙarshen darasin, dattijon yana zaune a bencin gaba yana kallona.

Ɗana, ka samu wuri ka karanta Romawa 9 zuwa 11 a zama ɗaya, kada ka tsinci aya ɗaya-ɗaya, sai ka biyo da Afisawa 2 daga aya 11. In wani wuri ya shige maka duhu ka dawo nan ka tambaya, akwai fastoci a cikinmu da suka karanci Helenanci, za su fi ni warware aya 26. In kuma hanya ta biyo da kai wajenmu farkon damina, lokacin nake auren mangwaro, ka zo da wuƙa mai kaifi.