Ku Tambayi Goggo: Abincin buki, ina kuɗɗin ke tahiya?

Assalamu alaikum masu karatu. Saƙonnin satin ga kusan duka kan abincin buki sunka taru, kun san lokacin aure ya kama, duk Asabar sai ka ji ɗaurin aure uku huɗu unguwa guda. Na zaɓi huɗu, sauran ku yi min haƙuri sai sati mai zuwa in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Salam Goggo ina wuni ya aiki, dan Allah ki taimaka min da shawara. Ɗiyata ta fari za mu aurar nan da wata biyu, babanta ya ba ni dubu 700 yac ce in yi abincin kamu da na wunin buki da su, ba shi da ƙari don shi ma kayan ɗaki sun gama da shi. Na tambayi wata mai girkin kwangila tac ce tekawe ɗaya na jallof da nama biyu da salak da lemu naira dubu 3, ni ko lissafina mutum 400 ne kinga miliyan 1 da dubu 200 ke nan kuma kamu ko taɓa shi ban yi ba. Ƙannena na cewa mu dafa gida ya fi sauƙi, ni kuma wallahi tsoro nike kar abinci ya kasa in ji kunya gaban dangin miji. Mi zan yi? Daga uwar amarya, Mabera, Sakkwato.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah shi sanya alheri shi kai mu lokacin lahiya. Tsoron ga da kike ji na san shi, duk uwar da ta taɓa aurar da ɗiya ta kwana da shi.

Amma bari in tambaye ki, 400 ɗin nan ina kinka samo shi? Don mafi yawanmu mata ba ƙirgawa muke ba, mukan tuna taron bukin ɗiyar wance ne sai mu ce mu ma haka. Ki samu takarda ke da ƙannen naki ku rubuta gida gida, dangin uba, dangin uwa, maƙwabta, 'yan islamiyya, ƙawayen amarya, dangin ango. Sannan ki ƙirga bakunan da ba a sa su lissafi, kuma su ke cinye kuɗɗin tun kafin ranar: dangin da za su taso daga Gwadabawa ko Bodinga ko Yabo tun ranar Laraba ba za su koma ba sai an kai amarya an yi buɗar kai, waɗanga sau uku za su ci kullum, koko da ƙosai da safe, shayi da burodi na yara, tuwon dare. Mutum 30 kwana biyar sau uku, ki buga ki gani, ci 450 ke nan, ya ma ɗara taron da kike jin tsoro. Ga matan da za su taya aiki, ga kulolin da za a aika gidan ango da gidan liman da maƙwabtan da ba su iya fitowa.

Don haka cikin dubu 700 ɗin nan, ni in ni ce, dubu 150 zan cire tun yau na cefanen gida na satin buki, in sake cire dubu 70 in ba wata amintacciya ta ɓoye min kar in gan su sai ranar, don dole sai wani abu ya taso, ko icce ya ƙare ko ƙanƙara ko a ce mai bai isa ba. Abin da ya rage dubu 480, shi ne kuɗin kamu da wuni, kuma shi za ki kalla ki yanke abin da za a dafa. Kar ki fara tsara abinci sannan ki shiga neman kuɗinsa, ta nan bashi ke shigowa.

Ga lissafin da nike aiki da shi tun ina girkin buki. Shinkafa kilo ɗaya tana cika roba biyar zuwa shida in ba a cika hannu ba, wato buhu mai kilo 50 zai ba ki roba 250 zuwa 300, mutum 400 buhu ɗaya da rabi ya ishe su. Shinkafa ba ita ce matsala ba. Nama shi ke cin kuɗɗi. Kilo ɗaya na naman shanu in anka yanka shi daidai misali yakan ba da yanka wajen 20, to yanka biyu biyu ga mutum 400 kilo 40 ke nan, ki je wajen rundawa ki tambayi kuɗin kilo yau ki buga da 40, za ki ga rabin kuɗinki ya tahi. Gaskiya zan gaya miki, da nama biyu da lemun roba dubu 480 ba za su kai ba. Amma da yanka ɗaya mai ɗan auki, da soborodo ko kunun aya da anka ƙulla gida, kuma in kin ƙirga kinka ga taron ya dawo 300, za su kai har ki yi kamu da mutunci. Salak kuwa ki bar shi, yana cin kuɗi kuma in an sa masa bama ba ya jure zafin garin ga.

Maganar gida ko kwangila. Mai kwangilar nan ba cutarki ta yi ba, cikin dubu ukun akwai icce da roba da cokali da ladan ma'aikatanta da kuɗin mota da ribarta, kuma ita ke ɗaukar asara in tukunya ta kama. Sai dai kuɗinki bai kai nan ba. Dafa gida zalla kuma, in ba ku da wadda ta saba da babbar tukunya, akwai hatsari, dafa tiya biyu daban dafa buhu daban, na sha ganin jallof ta caɓe ko sama ɗanye ƙasa ƙonanne. Abin da na fi so gare ki shi ne tsakiya: ke ki yi cefanenki da kanki, ki ɗauko mai girki ki biya ta ladan hannu kawai, ta zo da tukwanenta da mata biyu, ƙannenki su yi yanke yanke da wanke wanke da zubawa. Ki sa ta rubuta miki abin da take buƙata kafin ki shiga kasuwa.

Kayan da ba su lalacewa, shinkafa, mai, magi, gishiri, kori, tumatirin gwangwani, roba, leda, ki fara sayensu yanzu kaɗan kaɗan tunda kina da wata biyu. Shinkafar gida mai kyau wadda anka tsince tana yin jallof sarai, ba dole sai 'yar waje ba. Kayan miya kuma sai ana gobe ko jibi, ki tura wanda ya iya ciniki Ramin Kura ko Kasuwar Daji da sassafe a sayo kwando ko buhu, kar a saya kashi kashi cikin unguwa. Ki lura da lokaci ma, tumatir da tattasai da tarugu suna araha lokacin da kayan fadama sunka fito cikin sanyi zuwa farkon bazara, da damina ta kama sai su yi tsada, in bukinki ya faɗa nan ki haɗa da kauɗa da na gwangwani ba wanda zai gane. In kuma akwai wani buki cikin dangi kusa da naku, ku haɗa kuɗi ku sayi ɗan bijimi a Kara ku raba, kai da ƙafa da kayan ciki su yi muku miyar baƙin gida.

Yanzu ga inda nike so ki buɗe kunne da kyau. Abincin buki da wuya ya kasa don an dafa kaɗan, wurin rabo yake ƙarewa. Akwai wani buki da na yi wa girki shekarun baya, buhu uku munka dafa, taron bai kai mutum 500 ba, amma kafin la'asar babu ko roba ɗaya kuma dangin ango ba su iso ba. Uwar amarya ta shiga ɗaki tana kuka, har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Mi ya faru? Kowace gwaggo da inna ta shiga inda anka aje abinci ta ɗebi biyar ta ɗebi goma ta tura cikin jaka, wannan na mai gida wannan na yara, kuma ba mai iya hana su don duk manya ne. To ki aje abincin ɗaki guda mai makulli, ki ba mace ɗaya makullin, wadda ba ta jin nauyin kowa kuma ba ta da fushi, ke kar ki riƙe don ke ba ki iya ce ma yayar mijinki a'a. Na dangin ango a fara cire shi a rufe cikin kula a rubuta a kai. Na maƙwabta a aika tun da hantsi. Sauran a bi mutane inda suke zaune a miƙa musu hannu da hannu. Yara kuma a zuba musu cikin manyan faranti su ci tare, robar da za a ba yaro ɗan shekara biyar rabinta ƙasa za ta zube.

Kamu ba sai an yi shinkafa ba. Masa da miyar taushe, ko cincin da dubulan cikin 'yar leda da soborodo mai sanyi, ya wadatar, 'yan matan ma hoto da rawa ke gabansu.

TAMBAYA: Goggo barka da aiki. Ni ma'aikaci ne albashina dubu 95, aurena bayan Sallah. Abokaina sun matsa sai an yi dina a hol, sunka ce za su taimaka, da munka tambaya abinci kawai na mutum 150 ya haura dubu 600 ban da kuɗin hol da kwalliya. Amarya ma tana so. Ina da dubu 300 na adashe. In ci bashi in cika? Daga wani ɗanki, Runjin Sambo.

AMSA: Ɗana kar ka ci bashin nan, ina roƙonka. Dubu 600 albashinka ne na wata shida da 'yan kai, za a cinye shi cikin awa uku, kuma wata na farko na aure shi ne lokacin da kake buƙatar kuɗi a hannu, gas, cefane, baƙi masu zuwa ganin ɗaki. "Za mu taimaka" kuma ba kuɗi ba ne sai sun shigo asusunka. Ka ce ma abokan naka kowa ya turo abin da zai iya kafin sati uku, abin da anka tara shi za a yi dina da shi in ya kai, in bai kai ba shi ke nan. Kuma ka sani dina ta mutum 150 ba ta tsayawa 150, kati ɗaya mutum uku ke shigowa da shi.

Dubu 300 ɗinka ta ishe ka walima mai kyau. Abdurrahman bin Auf attajiri ne, amma da ya yi aure abin da Annabi (SAW) ya ce masa shi ne ya yi walima ko da da akuya ɗaya. Ka sayi rago ko akuya matsakaiciya, sai dai in bayan Babbar Sallah ne ka jira kasuwa ta sauka tukuna, a yi masa ko shinkafa, a shimfiɗa tabarmi ƙofar gida bayan ɗaurin aure, abokai da maƙwabta da almajiran unguwa kowa ya ci. Ko majalisar dokokin jihar Sakkwato a 2023 sai da ta zartar da doka kan rage kashe kuɗi wurin aure da suna, don abin ya kai samari na gudun aure. Ita kuma amarya ka zauna da ita ka nuna mata lissafin da alƙalami, ka tambaye ta dina take so ko firji a ɗakinta, kar ka yanke kai kaɗai.

TAMBAYA: Goggo na ba mai girki kafin alƙalami dubu 200 tun wata uku da sunka wuce kan roba 250, yanzu saura kwana goma tac ce kaya sun tashi sai na ƙara dubu 80 ko ta rage nama. Wannan adalci ne? Daga Maman biyu, Arkilla.

AMSA: Ya danganta da abin da kunka yi da ita tun farko, kuma na tabbata da baki kunka yi. Tun da anka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 farashi ke motsi, masu girki da yawa sun yi asara kan alkawarin wata uku, wannan gaskiya ne. Amma ita ma da ta karɓi dubu 200 ya kamata ta sayi shinkafa da mai da roba a lokacin, to waɗannan ba ta da hujjar ƙara miki kuɗi kansu. Ki ce ta lissafa miki abin da ya tashi ɗaya bayan ɗaya, in nama ne da kayan miya ku raba bambancin. Kwana goma ya yi kaɗan ki canza mai girki. Abin da kunka daidaita kai ki tura mata shi a rubuce ta WhatsApp, yawan roba, yanka nawa, ƙarfe nawa za a kawo, wa zai biya mota, ta amsa da "na yarda", cikon kuɗin kuma sai abinci ya iso an ƙirga.

TAMBAYA: Suna za mu yi cikin watan Afrilu, mata wajen 100. Abin sha nawa zan tanada? Daga wata ɗiyarki, Gawon Nama.

AMSA: Allah shi raya. Afrilu a Sakkwato zafi na wuce digiri 40, ruwa za a sha fiye da komi. Ki lissafa ruwan leda uku ga kowace mace, jaka ɗaya guda 20 ce, jaka 15 ke nan, ki ƙara biyar saboda yara da masu aiki. Soborodo ko kunun zaƙi ƙulli ɗaya ɗaya ya isa, amma kunun aya in za ki yi a yi shi da asuba a sa cikin ƙanƙara don ba ya kai la'asar cikin zafin nan. Ƙanƙarar ki biya kuɗinta tun ana jibi wurin mai ita, ranar suna da rana ba za ki samu ba, ki kuma ari manyan kuloli biyu daga maƙwabta ki jera ruwan ciki tun da safe.