Tambayi Likita: Ban taɓa shan sigari ba, me ya sa nake haki?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Shekaruna 27, sana'ata tsire a bakin tasha, tun la'asar har sha ɗayan dare ina gaban wuta. Na yi tarin fuka ina ɗan shekara 19, na sha magani wata shida aka ce na warke. Yanzu in na ɗauko buhun gawayi daga bakin titi zuwa rumfa sai na tsaya na huta, da asuba kuma ga tari da majina. Abokaina sun ce ciwon huhu mai daɗewa na tsofaffi ne da mashaya sigari. Haka ne? Daga mai tsire, Funtuwa.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara sauƙi. Abokan naka ba su yi ƙarya ba, sai dai ba su kai zancen ƙarshe ba. Ciwon toshewar hanyoyin numfashi, wanda muke kira COPD, ya fi bayyana bayan shekara 40, amma sau da yawa tun ƙuruciya ake shuka shi.

Huhu ba ya gama ƙosawa sai wajen shekara 20 zuwa 25, kai kuwa tarin fuka ya riske ka kafin nan. Maganin ya kashe ƙwayar cutar, amma tabo yakan saura, kamar yadda ƙuna ke warkewa ta bar fata a takure. A kan wannan tabon kake zuƙar hayaƙin gawayi da na kitsen da ke ɗiga kan garwashi, awa bakwai kullum. Huhu bai san bambancin wannan da sigari ba.

Kada ka tsaya sayen maganin tari a kemis. Ka fara da gwajin majina, domin tarin fuka yana dawowa, kuma a asibitin gwamnati kyauta ake yinsa. Sai hoton ƙirji, sannan gwajin busa, inda za ka hura iska cikin bututu iya ƙarfinka. Shi zai nuna ko hanyoyin sun ƙuntata, ko kuma asma ce, wadda maganin shaƙa ke sassautawa sosai.

Ban ce ka bar sana'arka ba, ni ma mai son tsire ne. Juya tukubarka yadda iska za ta riƙa busowa ta bayanka, ta kwashe hayaƙin nesa da fuskarka, ka daina kunna wuta da leda, ka bari gawayin ya yi ja kafin ka matsa. In kuwa ka ga jini a majina, ko rama da gumin dare, gobe da safe ka tafi asibiti.