Ku Tambaya Mu Amsa: Me Ya Sa Gangaren da Ya Ɗauki Kakanni Yake Motsi Yanzu?

Tambaya: Gidanmu na gado yana kan tudun Tula, a Ƙaramar Hukumar Kaltungo ta Jihar Gombe. Bana katangarmu ta tsage, ƙofar zaure kuma ta daina rufuwa. Dattawa sun ce tudun da ya ɗauki kakanni ba zai gaza da jikoki ba. Shin akwai abin tsoro? (Wani mai karatu daga Tula)

Amsa: Malam, dattawa sun yi gaskiya game da dutsen, sai dai ba shi ke fara zaftarewa ba. Ƙasar da ke kwance a kansa ita ce abin lura, domin idan ruwa ya ratsa ta har ya tarar da yumɓu ko falalen dutse a ƙarƙashi, sai ya taru a nan, ya ƙara mata nauyi, ya kuma rage riƙon da ke tsakaninsu. Shi ya sa haɗarin zaftarewar ƙasa ya fi yawa a tsakiyar damina, bayan an jera kwanaki ana ruwa, kamar yadda ya faru ranar 14 ga Agusta, 2017 a gefen Firitawun ta Saliyo, inda fiye da mutum 1,000 suka rasu ko suka ɓace.

Abin da ya sauya shi ne ginin. Kakanni sun jera duwatsu hawa-hawa ba tare da siminti ba, ruwa yana tsiyayewa ta tsakaninsu. Yau kuwa rufin kwano yana tara ruwan gida duka ya zuba shi a gindin katanga, shadda tana jiƙa ƙasa rani da damina, maƙwabcin da ke ƙasa kuma ya sare gindin gangare don ya sami fili. Katangar kankare da ba a bar mata ramukan fitar ruwa ba, duk kyanta, a ganina ta fi tsohon jerin duwatsun nan haɗari.

Ku shafa siminti kaɗan a kan tsagar, ku rubuta kwanan wata a gefe. Idan ya sake tsagewa, ko bishiya ta karkata, ko ruwa mai laka ya ɓullo inda ba a saba gani ba, ku kwashe iyali daga ɗakunan bakin gangare, ku sanar da hukumar agajin gaggawa ta jiha, SEMA. Kafin injiniya ya zo, ku ja wa ruwan indararo magudana nesa da gangaren, kuma kada ku ɗora sabon gini a sama.