Amsa ga ɗan'uwan da OOM ke kashe masa kwantena alhali kash ya cika

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, da na karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ciwon da na sha ne kake faɗa. Ka ce kwantenarka, wato keɓaɓɓen wurin da manhajarka ke gudana a kan saba, tana da iyakar RAM 4G, idan ta kusa kaiwa sai komai ya yi nauyi na minti biyu ko uku, sannan OOM killer, sashen kernel (zuciyar Linux) da ke kashe manhaja in RAM ɗin da aka ba ta ya ƙare, ya kashe ta da lamba 137, alhali memory.stat, fayil ɗin da ke lissafa RAM ɗinta, na nuna fiye da rabi kash ne, wato kwafin fayiloli da ake riƙewa a RAM don sauri. Kana tambaya me ya hana kernel kwato wannan kash ɗin.

Kafin komai, duba layin shmem a memory.stat, wanda ke ƙirga abin da ke zaune a RAM kaɗai, irin fayilolin tmpfs. Wallahi da wani ya gaya mini haka a 2021 da ban sha wuyar da na sha ba.

Cikin azumi ne, ƙarshen Afrilu, lokacin biyan albashi. Ina kula da sabobin wani ƙaramin kamfani a nan Kano da ke tura kuɗin ma'aikata. Muna kan kernel 5.4 da cgroup v1, tsohon tsarin rukunin da ke sa wa kwantena iyaka. Ana gama tarawih wayata ta fara kuka. Kwantenar da ke haɗa rahoton biya ta mutu, ta tashi, ta sake mutuwa. Na zauna a kan tabarma a tsakar gida saboda zafin ɗaki, kwamfuta a cinya, batir na ƙarewa ga babu wuta. Ina kallon layin cache ya haura 2G ina ta cewa ai wannan abin kwatowa ne, me ya sa ba ya sauka? Na yi drop_caches, umarnin zubar da kash, ko gezau. Na ɗaga iyaka zuwa 6G, ta ƙara minti ashirin ta mutu. Har aka kira sahur ina wurin, uwargida ta ajiye kunu a gefena ya huce ban taɓa ba.

Da safe oga ya tara mu. A gaban yara biyu da ni na koya musu aiki ya ce ban san aikina ba, wai dama an gaya masa takarda kawai nake da ita. Ya yanke mini kuɗin wata. Bayan kwana huɗu na gano abin: /tmp na kwantenar tmpfs ne, wato fayilolinsa a RAM suke zaune ba a faifai ba, kuma wani mai rubuta manhaja ya sa rahotanni suna taruwa a can ba a gogewa. Shi ya roƙi a mayar da /tmp haka don sauri, kuma ɗan yayar oga ne. Na kai hujja a rubuce, oga ya duba ya ce to a gyara. Shi ke nan. Babu ban haƙuri, kuɗina bai dawo ba. Har yau idan na tuna yadda yaran nan suka sunkuyar da kai sai raina ya ɓaci. Na bar wurin bayan Babbar Sallah.

To, tmpfs ana lissafa shi cikin kash amma ba shi da faifan da za a mayar da shi. In ba suwap, wato wurin da ake kai shafukan RAM in ya cika, kernel ba shi da inda zai kai shi. Haka ma shafukan anon, wato RAM ɗin aikin manhaja wanda ba na wani fayil ba. Me ya rage masa? Shafukan fayil na gaske, har da lambar (code) manhajar da ke gudana. Sai ya fitar da su, manhaja ta nema, a karanto daga faifai, a sake fitarwa. Wannan ne nauyin minti ukun da kake gani, kuma ni a wurina ya fi kisan muni, don mai amfani yana tsaye yana jira babu wanda ya san dalili. Ka duba workingset_refault_file, mai ƙirga shafukan fayil da aka fitar aka sake karantowa, yana hauhawa a lokacin. Ka kuma sani kswapd, mai kwato RAM a bayan fage, ba ya zuwa ceto don rukuni ya kai iyakarsa, ruwansa da RAM ɗin saba gaba ɗaya ne. Manhajar da ta nemi wuri ita ake tsayarwa ta yi kwaton da kanta.

Ba ka faɗi wane cgroup kake kai ba. In v1 ne, don Allah ka bar shi. Soft limit ɗinsa, wato iyakarsa mai sassauci, ya yaudare ni sau da yawa. A v2 ka sa memory.high, iyakar gargaɗi, ƙasa da memory.max, iyakar ƙarshe, ni nakan bar tazarar kashi 10 zuwa 15, dubarata ce ba doka ba. In rukuni ya haye high ana rage masa gudu ana kwatowa, ba a kashe shi. Amma hattara, zai iya zama yana jan ciki har gari ya waye, don haka sai da mai gadi. Mai gadin shi ne systemd-oomd, yana karanta memory.pressure, wato PSI, ma'aunin lokacin da ake ɓatawa ana jiran RAM, wanda Johannes Weiner ya shigar a kernel 4.20, ya yanke hukunci kafin kernel ya galabaita. Layin full na memory.pressure, mai nuna lokacin da duk ayyukan rukunin suka tsaya jira, shi nake kallo.

Maganar suwap kuwa, na san a nan akwai masu ganin kamar zunubi ne, tun da kubelet, manhajar Kubernetes da ke tayar da kwantena a kan saba, ya daɗe yana ƙin tashi in an kunna shi. Ni dai na ga amfaninsa da idona. Ƙaramin zram, wato suwap da ake matsewa a cikin RAM, ka daidaita memory.swap.max, iyakar suwap ɗin rukuni, sai shafukan da aka yi kwanaki ba a taɓa ba su ba da wuri.

Na kusa mantawa: ka sa memory.low, kariya daga kwato, a kan rumbun bayananka, kada aikin ajiyar dare ya cinye masa kash. Kuma shafin fayil wanda ya fara taɓa shi ake ɗora wa, saboda haka wani lokaci nauyin da ka gani a kanka wani ne ke morarsa. Ka leƙa nr_dying_descendants a cgroup.stat ma, rukunonin da aka goge amma shafukansu suka riƙe su kan taru in ana yawan tayar da kwantena.

In za ka iya hawa kernel 6.1, wanda Debian 12 ke zuwa da shi, ka samu memory.reclaim da ya shigo a 5.19. Kana rubuta 200M a ciki kernel ya kwato a hankali lokacin da babu cunkoso, in bai samu cikakke ba ya dawo maka da kuskuren EAGAIN. MGLRU, sabon tsarin zaɓen shafukan da za a kwato, ma yana nan, ka duba /sys/kernel/mm/lru_gen/enabled. A saba ɗaya na fara kunna shi na bar shi mako biyu kafin na taɓa sauran.

Kuma ɗan'uwa, duk canjin da aka ce ka yi a saba, a rubuto maka shi. Da ina da saƙon mai rubuta manhajar nan a rubuce a ranar, da ba a tsayar da ni a gaban mutane ba.

Turo mana anon, file, shmem da memory.events lokacin da abin ke faruwa, da abin da umarnin mount ya nuna a cikin kwantenar. Bayan isha'i ina kan layi insha Allah.