Ishaya 59 da shaidar gonar gwauruwa: ko annabci ya ce mai bi ya kame bakinsa?

Tambaya: Baba Fasto, salama. A ƙauyenmu 'yan'uwan wani marigayi suna neman ƙwace gonar da ya bar wa matarsa da 'ya'yansa, har sun samo mutum biyu da za su rantse a kan ƙarya. Na san iyakar gonar sarai, domin na daɗe ina yi wa marigayin aiki a cikinta, kuma matar ta roƙe ni in ba da shaida. Wani mai kiran kansa annabi ya ce in kame bakina, wai Ishaya 59 ta riga ta faɗa cewa a kwanakin ƙarshe gaskiya za ta faɗi, wanda ya rabu da mugunta kuma zai zama abin farauta, saboda haka mai tsayawa yana jayayya ne da abin da aka rubuta. Barci ya gagare ni. Ya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, rashin barcin nan naka alama ce cewa lamirinka da sauran ransa, kuma ya fi wancan mutum fahimtar Nassi. Ka ba da shaidar. Amma bari in tsaya a kan koyarwar da aka cusa maka, domin kusan kullum ina cin karo da ita, kuma ɓarnar da take yi a cikin ikilisiya ta wuce yadda ake zato.

Ka buɗe surar da kanka. Ba ta fara da zancen ƙarshen duniya ba, ta fara ne da cewa hannun Ubangiji bai gajarta ba, kunnensa kuma bai toshe ba, laifofin mutanen ne suka shiga tsakaninsu da Allahnsu. Mutanen kuwa su ne na sura ta 58, masu azumi da sa tufafin makoki alhali suna danne ma'aikatansu. Aya ta 4 tana maganar masu kai ƙara ba bisa gaskiya ba, wato irin abin da ke faruwa a ƙauyenku. Daga aya ta 9 bakin mai magana ya juya zuwa "mu", ya zama furcin zunubi na jama'a duka. A cikin wannan furci ne aka ce an kori shari'a, gaskiya ta faɗi a dandali. Abin da wancan mutum bai karanta maka ba yana nan a ƙarshen aya ta 15 da aya ta 16: Ubangiji ya gani, abin ya ɓata masa rai, ya kuma yi mamaki da ba a sami ko mutum ɗaya da ya shiga tsakani ba. Shirun da ake ba ka shawarar ka yi, shi ne ainihin abin da surar ta ce ya ɓata wa Allah rai.

Tushen kuskuren shi ne ɗaukar annabawa kamar masu duba, waɗanda aikinsu kawai su faɗi abin da zai zo, mu kuma mu zauna muna ƙirga alamu. Amos, makiyayin Tekowa, ya yi wa'azi a Isra'ila ta arewa wajen shekara ta 760 kafin haihuwar Almasihu, a zamanin Yerobowam na biyu, lokacin da arziki ya bunƙasa har manya suna kwanciya a gadajen hauren giwa. Abin da ya lissafa ba na nesa ba ne, da idonsa ya gani: an sayar da adali saboda azurfa, matalauci saboda takalmi, ana rage mudu ana ha'inci a ma'auni, ana karɓar toshiya, ana ƙin mai faɗin gaskiya a ƙofar gari, inda dattawa suke zaman shari'a. Na san wasu suna fakewa da Amos 5:13, inda aka ce mai hankali yakan yi shiru a irin wannan lokaci. To, su ci gaba zuwa aya ta 15, inda ya umarta a ƙi mugunta, a so nagarta, a kafa adalci a ƙofar gari, watakila Ubangiji ya yi jinƙai. Shi kansa Amos bai yi shiru ba ko da Amaziya firist na Betel ya kore shi ya ce ya koma Yahuza ya nemi abincinsa can. Masu ɗokin ranar Ubangiji kuma, waɗanda suke murnar lalacewar al'umma wai alamu suna cika, ya ce musu kaitonsu, domin ranar duhu ce a gare su.

Hujjar da ta fi ƙarfi tana cikin Irmiya 26. Annabi Mika na Moreshet ya faɗa a fili cewa za a nome Sihiyona kamar gona, Urushalima ta zama kufai, saboda shugabanni suna shari'a don cin hanci, firistoci suna koyarwa don lada, annabawa suna duba don kuɗi. Babu "idan" a cikin maganar. Duk da haka, bayan shekara ɗari ko kusa da haka, sa'ad da ake neman ran Irmiya, dattawan ƙasar suka tashi suka tuna wa jama'a cewa sarki Hezekiya bai ce an rubuta ya naɗe hannu ba. Ya ji tsoron Ubangiji, ya roƙi alherinsa, Ubangiji kuwa ya janye masifar. Sarki Senakerib na Assuriya ya auka wa Yahuza a shekara ta 701 kafin haihuwar Almasihu bai ci birnin Urushalima ba, sai a 586 ne Urushalima ta faɗa hannun Babila, bayan wasu tsararraki sun ƙi ji. Samariya, babban birnin Isra'ila ta arewa, da ta toshe kunne ta faɗi tun 722. Irmiya 18:7-10 ta shimfiɗa ƙa'idar dalla-dalla: idan Allah ya yi maganar tumɓuke al'umma, ita kuwa ta juya daga muguntarta, zai fasa. Wanda ya ce maka tsayawa a kan gaskiya jayayya ce da annabci bai san abin da aka aiko annabci ya yi ba.

Ba na musun cewa Sabon Alkawari ya yi maganar wahalar kwanakin ƙarshe. Amma Bulus, bayan ya lissafa mugayen halayen mutanen lokacin a 2 Timoti 3, abin da ya ɗora wa Timoti shi ne ya yi wa'azi, ya tsauta, ya gargaɗar, ko da dama ko babu. Ranar ƙarshen kuwa Yesu ya ce ba wanda ya sani, kuma an ga ƙarshen masu sa rana: mabiyan William Miller a Amurka sun jira 22 ga Oktoba 1844, mai wa'azin rediyo Harold Camping ya sa 21 ga Mayu 2011, gari ya waye kowa yana inda yake.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, wannan koyarwa kullum mai ƙarfi take yi wa amfani. Ban taɓa jin an ce wa mai ƙwace gona ya haƙura domin duniya ta kusa tashi ba, sai dai a ce wa gwauruwa da mai shaidarta. Mika 3:5 ta san irin waɗannan annabawa, masu shelar salama ga wanda ya sa musu abu a baka, su kuma ƙulla yaƙi da wanda bai ba su ba. Ba na yanke wa mutumin naka hukunci daga nesa, amma ya kamata dattawan ikilisiyarku su tambaye shi tsakaninsa da masu neman gonar.

Ba zan ce maka babu haɗari ba. A cikin Irmiya 26 ɗin nan, sarki Yehoyakim ya sa aka kamo annabi Uriya daga Masar aka kashe shi, Irmiya kuma ya tsira ne domin Ahikam ɗan Shafan ya tsaya masa. Saboda haka kada ka tafi kai kaɗai. Ka sanar da fastonka da dattawa tun kafin ranar zama, ka nemi maƙwabtan gonar da tsofaffin da suka san iyakar, idan akwai takarda a adana kwafinta a hannu fiye da ɗaya, idan an yi maka barazana kuma ka kai rahoto. Littafin Firistoci 5:1 ta ɗora laifi a kan wanda ya gani ko ya sani, aka nemi shaida, ya ƙi faɗa. Fitowa 23:3 kuma ta hana a goyi bayan matalauci don talaucinsa kawai, saboda haka kada tausayin matar ya sa ka ƙara mata ko taku ɗaya. Ka nuna iyakar daidai inda ka san marigayin yana tsayar da garma, abin da ba ka gani ba kuma ka ce ba ka gani ba.